Rajistar Hedimasta: Zama da Ciwon Suga a Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Sunan da Hausawa suka laƙaba wa wannan cuta, wato ciwon suga ko ciwon sukari, suna ne na aro, domin kalmar sukari daga Larabci ta shigo, suga kuwa daga Ingilishi. Wannan ya sa wasu ke zaton cutar baƙuwa ce, ta zo tare da shayi da lemon kwalba, alhali kuwa ta daɗe a duniya. Likitocin Indiya na zamanin da sun lura cewa kiyashi kan taru a kan fitsarin mai ita, Ibn Sina kuma ya yi bayaninta a littafinsa na likitanci kimanin shekara dubu da suka wuce.

Sunan na Hausa yana da sauƙin riƙewa, sai dai yana ɓatar da mai saurare ta fuska biyu. Da farko, wanda ya ji kalmar suga sai hankalinsa ya tafi ga farin garin nan da ake zubawa a koko, ya ɗauka duk wanda ya ƙaurace masa ya tsira. Na biyu, sai ya yi tunanin tunda zaƙi ne ya jawo ciwon, lalle ɗaci ne zai kore shi. A kan waɗannan zato biyu mutane da dama suka rasa ido, ko ƙafa, ko ƙoda.

Abin da ke faruwa a jiki shi ne, duk abinci mai sitaci, kamar tuwo da fura da shinkafa da rogo da burodi, idan ya narke sai ya koma suga ya shiga jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas, wadda ke fitar da sinadarin insulin. Aikin insulin kamar na ɗan dako ne, shi ke kwashe suga daga jini ya kai shi cikin tsoka da sauran sassan jiki domin a yi amfani da shi. A nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, gaɓar kan daina fitar da insulin, don haka mai shi ba ya rayuwa sai da allura. A nau'i na biyu, wanda shi ne na fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon, akwai insulin ɗin amma ya yi kaɗan ko jiki ya daina saurarensa. Akwai kuma wanda ke taso wa mace lokacin da take da juna biyu. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su ma san suna da shi ba.

Ɗigon jini

Cikin waɗanda suka sani akwai wani dattijo mutumin Gummi, wanda ya yi aikin koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Anka da ta Bukkuyum kafin ya yi ritaya ya koma gida. Har yanzu babu mai kiran sunansa na yanka a unguwa, kowa Hedimasta yake ce masa. Ciwon ya zo masa a hankali. Ƙishirwa ta dame shi, a dare ɗaya sai ya ɗauki buta sau biyar, rigunansa suka yi masa yawa, rubutun jarida ya fara yi masa hazo. Maƙwabta suka ce zafin bazara ne, wasu suka ce shawara ce, wata gwaggonsa kuwa ta rantse hannun mutum ne. Ya sha jiƙon maɗaci da na dogon yaro har harshensa ya gaji.

Abin da ya kai shi asibiti shi ne tunawa da abin da ya gani da idonsa a shekarar 2010, lokacin yana aiki a ƙasar Anka. A wannan shekara yara suka riƙa mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. An zargi zazzaɓin cizon sauro, an zargi iska, har sai da ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka da abokan aikinta suka ɗebi jinin yaran aka auna. Nan aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. Hedimasta ya fita daga wannan masifa da darasi guda, wato akwai abin da ke ɓoye a jini wanda ido ba ya gani, boka ba ya gani, sai an auna. Saboda haka wata safiya ya tafi asibiti bai karya kumallo ba, ya ce a auna masa jini.

Malamin asibitin da ya karɓe shi tsohon ɗalibinsa ne. Ya huda masa yatsa, ya ɗiga jinin a kan 'yar takardar gwaji, na'ura ta nuna 262. Ya yi masa bayani cewa mai lafiya idan bai ci komai ba yawanci awonsa ba ya kai 100, kuma idan aka sami 126 ko fiye a ranaku biyu dabam-dabam, to ciwon ya tabbata.

"To ɗana, kwana nawa zan yi ina shan magani kafin ya rabu da ni?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba. Wannan ba irin zazzaɓi ba ne da ake sha na kwana uku. Zama za ka yi da shi, amma idan ka kula da shi ba zai hana ka komai ba."

Rajista

Mutumin da ya shafe shekara talatin da biyar yana kiran sunan yara kowace safiya bai san wata hanyar kula da abu ba sai ta rubutu. Ya sayi babban littafi mai kwali, ya sa rula ya ja layuka kamar rajistar aji: gidan kwanan wata, gidan awon safe, gidan awon sa'a biyu bayan cin abinci, gidan abin da aka ci, gidan magani, da gidan tsokaci. Likita ya ba shi iyakar da zai nema, wato tsakanin 80 da 130 kafin karin kumallo, da ƙasa da 180 bayan abinci. Takardun gwaji suna da tsada, ba su isa a yi awo sau uku kullum ba, don haka ya riƙa karkasa su: yau da safe, jibi bayan abincin rana, wata ranar bayan tuwon dare.

Cikin wata uku rajistar ta fara koya masa abin da babu wanda ya faɗa masa. An ce masa tuwon alkama shi ne abincin mai ciwon suga, sai ya ga idan ya ci malmala biyu ta alkama awonsa na tashi kamar ya ci ta dawa. Ya ga fura ko ba a sa mata sukari ba tana ɗaga awo idan ya cika ƙwarya. Ya ga ranar da ya taka zuwa gonarsa ta fadama ya dawo, awon yamma kan sauka. Ya ga wake da kwaɗon zogale ba sa ɗaga shi kamar shinkafa. Ya kuma ga zazzaɓi da ɓacin rai suna ɗaga shi ko bai ci komai ba. Abu mafi muhimmanci da ya gane shi ne yadda yake ji a jikinsa ba abin dogaro ba ne, domin akwai ranakun da ya tashi garau amma na'ura ta nuna ya haura 200.

Duk bayan 'yan watanni yakan je Gusau a yi masa wani gwaji da ake kira HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku. Yakan ce awon gida kamar gwajin mako ne, wannan kuwa shi ne jarrabawar ƙarshen zango, ba a yi mata karatun dare ɗaya. Ga yawancin manya ana so sakamakon ya tsaya ƙasa da kashi 7 cikin ɗari. Ya kamata a sani cewa wannan gwaji yakan ba da sakamako marar inganci ga mai amosanin jini, don haka wajibi ne mai shi ya sanar da likita.

Akushi

A ƙasar Hausa abinci ba harkar mutum ɗaya ba ce. Tukunya ɗaya ake ɗorawa, kuma wanda aka kawo wa fura ko lemo a gidan suna ya ƙi sha, sai a ce ya raina masu gida. Nauyin gyaran ya faɗa kan uwargidansa. Ba ta ware masa tukunya ba, domin aljihu ba zai ɗauka ba. Abin da ta yi shi ne ta canza yadda take zuba masa: rabin akushi ganye, ko rama ko zogale ko yakuwa ko kuɓewa, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko nama idan an samu, ragowar kuma tuwo ko hoce. Ranar da ya nemi ƙari takan ce, "Malam, ni zan ƙara, amma kai za ka rubuta." Sai ya yi dariya ya janye hannu. A wajen biki kuwa ya koyi karɓar kwalbar lemo da godiya, ya miƙa wa yaron da ya rako shi.

Masu kawo masa jiƙo ba su daina ba. Wannan ya zo da garahuni, wancan da shuwaka, wani da garin da ya sayo a mota mai lasifika ranar kasuwa, wanda aka ce yana warkar da suga da basir da sanyi gaba ɗaya. Hedimasta ba ya raina itatuwa, yakan ma tunatar da su cewa metformin, ƙwayar da ya fara sha, asalinta daga binciken wani tsiro ne na Turai, kuma a Faransa aka fara ba masu ciwon suga ita a 1957. Bambancin shi ne an san nauyin abin da ke cikin kowace ƙwaya, ba a kuwa san na kofin jiƙo ba. Haɗarin ya fi girma ga wanda ya ajiye maganin asibiti ya koma wa jiƙo, domin ciwon ba ya jira.

Azumi ma sai da rajista. Kafin watan Ramalana yakan kai ta ga likita a gyara masa lokacin shan magani. Malamai sun tabbatar masa huda yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. Ƙa'idar da likitoci suka gindaya ita ce a sha ruwa nan take idan awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300.

Allura

Bayan wasu shekaru lambobin rajista suka fara hawa duk da kiyayewarsa, domin nau'i na biyu yakan ƙaru da tafiyar lokaci. Likita ya ce lokacin insulin ya yi. Hankalin iyalinsa ya tashi, saboda a wajen mutane allura alama ce ta cewa ciwo ya kai ƙarshe. Gaskiyar tarihi akasin haka take. Kafin 1921 yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya ba ya daɗewa. A wannan shekara Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, a watan Janairun 1922 kuma aka fara yi wa wani yaro allurarsa, ya farfaɗo. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce Ranar Ciwon Suga ta Duniya.

Matsala ta farko ita ce ajiya. Ana so kwalbar da ba a buɗe ba ta zauna a firji, a sanyin digiri 2 zuwa 8, ga shi a Gummi zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Hedimasta ya yi amfani da dabarar tukunya cikin tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, dabarar da wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yakan sa kwalbar a gwangwani mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta. Wani bincike da Jami'ar Janeba da Likitoci Marasa Iyaka suka fitar a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna insulin da aka fara amfani da shi yana riƙe ƙarfinsa tsawon mako huɗu a zafin da ke kai da kawo tsakanin digiri 25 da 37. Wannan bai ba da damar barin sa a rana ko a aljihun babur ba.

Matsala ta biyu ita ce faɗuwar suga. Wata safiya ya yi allura, aka kira shi gona da gaggawa, ya fita bai ci komai ba. Da ya dawo 'yarsa ta gan shi yana zufa, hannunsa na rawa, maganarsa na harɗewa. Ta ce, "Baba, zauna." Ta auna, ta ga 54. Ta dama cokalin shayi uku na sukari a ruwa ta ba shi, ta jira minti 15 ta sake aunawa, sannan ta kawo masa abinci. Da ya suma, da ba za ta ɗura masa komai a baki ba, sai dai a garzaya da shi asibiti. Tun daga ranar, mutumin da duk unguwa ta san ba ya shan sukari ba ya fita sai da ƙwayar sukari a aljihu.

Hanya da tsada

Abin da ya fi ciwon kansa wahala a yammacin Zamfara shi ne samun magani a kan kari. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, bin hanyar Gummi zuwa Gusau ta Daki Takwas da Anka ya zama abin da ake yi da addu'a. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar, an kuma rufe kasuwannin mako, mai neman magani ya rasa yadda zai yi saƙo. Faɗuwar darajar naira daga 2023 ta ɗaga farashin insulin da takardun gwaji fiye da ƙarfin ɗan fansho. Da ambaliya ta ci Gummi a watan Agustan 2024, gwangwanin magani da rajista ya fara ɗauka. Daga waɗannan ya ɗauki al'adar kada maganinsa ya gaza na wata guda a ajiye, ko da zai sayar da buhun shinkafa.

Ya ga abin da rashin haka ke jawowa a kan wani amininsa manomi, wanda tsada ta sa ya riƙa tsallake magani. Yawan suga na tsawon lokaci yana kashe jijiyoyin ƙafa, har mutum ya taka ƙaya bai ji ba. Haka ta faru da aminin nasa: ƙaya ta zama rauni, rauni ya zama gyambo, aka yi ta shafe-shafe a gida, kafin a kai shi Sakkwato sai yanke ƙafar aka yi. Shi ya sa Hedimasta ba ya tafiya babu takalmi, kuma duk alwala yakan duba tafin ƙafarsa ya tsane tsakanin yatsu. Sau ɗaya a shekara yakan nemi a duba masa ido da ƙoda, kuma yana lura da hawan jini, domin su biyun kan tafi tare.

Sababbin magunguna

Ɗansa da ke aiki a Kaduna kan kawo masa labarin abubuwan da ake samu yanzu. Akwai 'yar na'ura kamar FreeStyle Libre da ake maƙalawa a damtse, tana auna suga dare da rana ta aika wa wayar hannu. Akwai ƙwayoyi irin su empagliflozin da ke fitar da suga ta fitsari, suna kuma kare ƙoda da zuciya. Akwai allurar mako-mako ta semaglutide, wadda aka amince da ita a Amurka a 2017 da sunan Ozempic, mai sauke suga da ƙiba. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da insulin da ake yi sau ɗaya a mako. A 2023 kuma Amurka ta amince da dasa ƙwayoyin halittar fankiriyas ga wasu masu nau'i na ɗaya, ko da yake wanda aka yi wa sai ya dawwama a kan maganin hana jiki ƙin dashen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa insulin mai dogon aiki da ajin empagliflozin a jerin magungunan dole a 2021, ta ƙara ajin semaglutide a 2025. Ita ce kuma ta yi gargaɗi a 2024 cewa an sami jabun semaglutide a kasuwannin duniya.

Hedimasta yakan saurara da sha'awa, sannan ya tambayi farashi, ya tambayi ko akwai su a kemis na Gummi. Bai yanke ƙauna ba, domin ya ga lokacin da na'urar awon da ke ɗakinsa sai a babban asibiti ake ganin irinta. Sai dai ya lura cewa duk cikin abin da ɗan nasa ya lissafa babu wanda ya ɗauke wa marar lafiya aikin lura da abincinsa da awonsa.

Kammalawa

Ɗaliban kwalejin ilimi da ake turowa Gummi koyarwar gwaji sukan je gaishe shi, shi kuma ba ya barin su tafi sai ya yi musu magana a kan yara. Nau'i na ɗaya yana iya kama ɗan aji uku, kuma yana saurin kisa idan ba a gano shi ba, cikin makonni ko ma kwanaki. Malami yana tare da yaro sa'a biyar ko shida a yini, don haka sau da yawa shi ne zai fara ganin alama: yaron da ke neman izinin fita fitsari a kai a kai, ba ya rabuwa da gorar ruwa, yana ci amma yana ramewa, yana gyangyaɗi a aji, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Irin wannan yaro awo yake bukata, kuma a ranar, tun kafin amai da numfashi sama-sama su zo. Bulala ba ta da gurbi a nan.

Idan kuwa a ajin akwai wanda aka riga aka san yana allura, wajibi ne malami ya bar shi ya ci abinci a kan lokaci, ya bar shi ya fita idan ya nema, ya ajiye sukari a aljihun tebur, ya kuma hana 'yan aji tsokanarsa. Ya san lambar wayar iyayensa da asibiti mafi kusa. Malamin da ya iya riƙe rajistar yara sittin ba zai kasa ƙara gida ɗaya a gaban sunan yaro ɗaya ba, inda zai rubuta abin da ya lura da shi domin iyaye da likita su gani.